Gandiroban Talabijin Da Gurmin Maigidana

Abubuwa da yawa sun same ni a ƙasar nan na manta da su, ko lambar gidan da muka fara zama ba zan iya kawo ta yanzu ba. Amma wannan da zan ba ku labari, har ƙasa ta rufe mini ido yana nan a raina. Abin dariyar kuma, wanda nake yi wa godiya a ciki ba mutumin gaske ba ne. Wani gandiroba ne a fim ɗin talabijin.

Ni macen gida ce. Bokona bai wuce aji huɗu ba, Turancina kuwa na gaisuwa ne da tambayar farashi. Mun daɗe a Greensboro ta Amurka, nan gabashin gari kusa da jami'a, amma in ka cire masallaci da shagon kayan miya, ba inda na sani. Ina soya masa, ina yin dambun nama, masu so su zo su ɗauka. Abin da Allah ya hore mini shi ne kunne. Daga yadda aka rufe firij nakan gane ran wa ya ɓaci a gidan.

Maigidana ya yi tuƙin tasi shekaru, daga baya ya samu aikin gandiroba a wani gidan yari, tafiyar kusan awa guda a mota. Mutum ne mai barkwanci, tun daga bakin ƙofa yake fara tsokanata. Wata safiya cikin sanyi ya dawo daga aiki, sallamarsa ko fita ba ta yi ba, ya ajiye makulli a hankali kamar mai tsoron tada jariri. Na ce, "Malam, lafiya?" Ya ce lafiya. Sai daga baya wani abokin aikinsa, Kirista ɗan Jos da muke mutunci da iyalinsa, ya kira ni ya ce wani matashi cikin fursunoni ya rataye kansa, kuma maigidana ne ya fara ganinsa.

An ba shi hutu. Likita ya ba shi magani, ya tura shi wajen masu sauraron damuwar mutane. Ya je sau biyu, ya zauna, ya taso bai ce uffan ba. A gida ma haka. Zai yi salla, ya koma kujerar falo, ya ƙura wa bango ido. In kawo tuwo, in ɗauke shi yadda na kawo. Na yi addu'a, na yi lallashi, har faɗa na gwada. Mutum yana ƙarewa a gabana kamar sabulu a cikin ruwa. Ba aikin nake ji ba, shi nake ji. Tsorona kada wata rana in waiwaya in ga babu shi.

To, babbar 'yarmu tana karatun nas, takan zo gida ƙarshen mako. Akwai wani fim mai dogon zango da take kallo da rana, bayan azahar. Wai annoba ce ta auko wa duniya, matattu suna tashi suna yawo, suna cizon masu rai. Ranar da na fara gani na saki ludayi.

"A'uzubillahi! Ke yanzu duk finafinan duniya ki rasa na kallo sai na gawa mai tafiya? Kashe mini, kada ki kore mana mala'iku."

"Momi, kwalliya ce fa aka yi musu," in ji ta, rabi da Hausa rabi da Turanci. "Suna gamawa su je su ci abinci."

"Da wannan bakin? Allah ya sawwaƙe."

Ba ta kashe ba, ta dai rage murya. Ni kuma ina kicin ina gyaran wake, ina satar kallo ina tsaki. A haka na gane labarin. Wasu tsirarun mutane ne, fursunoni da masu gadinsu, suka kulle kansu a gidan yari, matattu sun kewaye katanga. A cikinsu akwai wani gandiroba, ƙato mai tumbi da furfura, yana da tsohuwar jita wadda tsarkiya biyu kacal suka rage mata. Su matattun sauti suke bi, don haka kullum ana faɗa da shi a kan kiɗan nan. Shi kuwa sai ya shige ɗakin wanki, ya toshe ƙasan ƙofa da barguna, ya zauna a kan bokiti yana kaɗawa a hankali. Wani ya zo ya fizge jitar yana masifa, ƙaton ya amsa masa da wata magana a sanyaye.

"Me ya ce?" na tambayi yarinyar.

"Au, ashe kina kallo? Cewa ya yi, in ya daina kiɗa, me ya raba shi da waɗanda ke waje?"

Aka mayar masa da jitarsa, ya ci gaba. A nan ne na ji wani abu da ba daga talabijin yake fitowa ba. Ƙas, ƙas-ƙas, ƙas. Na leƙa. Maigidana yana zaune yadda yake zama, ido a bango, amma babban yatsansa da manuni suna bugun hannun kujera. Kuma ba kiɗan Baturen yake bi ba. Gurmi ne. Rabona da jin wannan bugun tun ina budurwa a Malumfashi.

Sai na koma baya kaɗan ku gane. Maigidana ɗan gidan makaɗa ne, gurmi suka gada kaka da kakanni, kuma a samarinsa babu kamarsa a unguwarmu. Da ya zo neman aurena, mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ce ba zai ba maroƙi 'yarsa ba. Aka yi ta kai kawo, daga ƙarshe ya sa sharaɗi: in yana so na, ya ajiye gurmi har abada. Ya rantse a gaban manya, ya ba ƙanensa gurmin, ya koyi tuƙi. Shekara ashirin da bakwai ban ji ko fito daga bakinsa ba. Ni kuma, Allah ya yafe mini, har alfahari nake yi da hakan a cikin mata.

Asabar ta zagayo, yarinya na shigowa na miƙa mata rimot na ce ta sa mana na gawarwakin nan. Ta dube ni ta fashe da dariya, wai ina mala'ikun? Na ce ta sa dai. Na zauna na kasa kunne. Ana gudu, ana harbi, ana ihu, hannunsa ko motsi. Ƙaton nan na shiga ɗakin wanki, yatsu suka fara.

Da yarinyar ta fita, na matso kusa da shi na ce, "Malam, bakinka ya ƙi magana, amma yatsunka sun tona maka asiri."

Ya dubi hannunsa kamar na wani. Can ya ce, "Hajiya, na yi wa Baba rantsuwa. Ga shi kuma ba ya duniya balle in roƙe shi."

Wallahi wannan ce magana mafi tsawo da ya yi a wata guda.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na san babban wa uba ne. Washegari da safe, lokacin can gida rana ta yi, na kira Yayana, wanda ya gaji gidanmu. Ɗan kasuwar hatsi ne, mai zafi kamar Baba, ina jin hayaniyar masu awo a bayansa. Na zayyana masa komai.

"Auta," ya ce, "yanzu tun daga Amurka kika kira ni a kan maganar gurmi?"

"Yaya, a kan maganar rai na kira ka."

Na ji ya ce wa wani ya kula masa da rumfa, hayaniyar ta yi nisa. Sannan ya ce in ba shi mijina, in buɗe muryar waya kowa ya ji.

"Kai ɗan maroƙa, kana ji na?"

"Ina ji, Yaya."

"Ina wurin ranar da ka rantse. Baba tsoro ya ji kada ka riƙa yawon biki ka bar masa 'ya da yunwa. Ka riƙe ta shekara ashirin da bakwai, ko sau ɗaya ba ta zo mana yaji ba, duk da surutunta. Yau ni ne a mazaunin Baba, kuma na sauke maka wannan sharaɗi. Rantsuwa kuwa, ku ciyar da mabuƙata goma. Amma in na ji ka a gidan suna kana wasa masu kuɗi, ko a ƙafa ne sai na zo garin nan naku."

Maigidana ya miƙo mini wayar. Ni na yi wa Yaya godiya a madadinsa.

Ciyarwa kam an zo fagena. Goma aka ce, na yi goma sha biyar, don hannuna bai iya ƙaramin girki ba. Shinkafa da miya da cinyar kaza, na zuba a robobi, yarinya ta tuƙa mu cikin gari inda marasa matsuguni suke zama, muka raba. Wani tsoho ya ci yana hawaye, har yau ban sani ba ko daɗi ne ko yaji.

Saura gurmi, kuma ina za ka same shi a Greensboro? Na ɗauko 'yar ƙwaryar da nake dama fura, wadda na zo da ita daga gida a naɗe cikin zane. Ɗan Jos ɗin nan ya samo mana fatar akuya a gonar da muke sayen dabbar yanka a Summerfield. Na cire sandar wata tsohuwar tsintsiyar Bature, yarinya ta sayo zaren kamun kifi. Na jera su a kan teburin cin abinci, ban ce masa ga su ba. Kwana huɗu yana wucewa ta gabansu. A na biyar ina wanke-wanke na ji ƙarar wuƙa tana kankare fata a gareji. Na kashe famfo na tsaya, hannuna duk kumfa, ina ta hamdala.

Sai da fata ta bushe, ya ɗaure, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Wata Lahadi bayan la'asar na ji sautin farko. Na sauke tukunya, na je na zauna a kan matakalar gareji. Yatsunsa sun yi tauri, yana ta kuskure, kuma duk ina ji, amma ko a fuska ban nuna ba. A hankali hannu ya tuna hanyarsa. Ya yi ta kaɗa wani kiɗa mai sanyi, ba waƙa, kansa a sunkuye. Bai daina kaɗawa ba ya fara magana.

"Yaron bai fi 'yarmu shekaru ba, Hajiya. Ina zagayen ƙirga ya kira ni ta ƙofa, ya ce Ofisa, minti biyu kawai. Na ce bari in gama ƙirga in dawo. Na gama, aka kira ni wani ɓangare. Na manta da shi. Minti biyu ya roƙe ni."

Sai kuka. Tunda nake da shi ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da uwarsa ta rasu. Ban ce masa ƙaddara ce ba, don ya fi ni sani. Na dai dafa ƙafarsa na bar shi ya yi mai isarsa. Da ya lafa, ya share fuska da hannun riga ya ce, "Wannan ƙamshin, miyar kuka ce?" Ranar malmala biyu ya tashi da ita.

Ba zan ce muku ya warke a yini ɗaya ba. Ya koma wajen masu sauraron nan, wannan karon ya yi magana, kuma sai bayan wata biyu ya koma aiki. Har yanzu akwai ranakun da yakan shige gareji ya daɗe. Amma mijina ya dawo, da tsokanarsa da komai.

Shi kuwa ƙaton gandiroban, can gaba a fim ɗin matattu suka cije shi garin buɗe wa wasu ƙofa. Na yi kuka har da majina, yarinya tana dariya tana cewa mutumin yana nan da ransa a wani gari yana shan shayi. Ban san sunansa ba, shi ma bai san ina duniya ba, amma ina yi masa fatan alheri, shi da wanda ya rubuta labarin, da Yayana, da ɗan Jos.

Abin da na koya kuwa, da kunya nake faɗinsa. Na zauna da mutum shekara ashirin da bakwai ina yabon haƙurinsa, ban taɓa tambayarsa ko abin da ya ajiye domina yana yi masa ciwo ba. Kusan kowane gida akwai wanda ya binne wani abu nasa don a zauna lafiya, sauran kuma suka saba har suka manta. Ku duba naku. In abin mai mayarwa ne, ku mayar masa tun yana da hannun karɓa.