Akuyar da Ban Sa a Lissafi Ba

Har yanzu idan babur ya wuce ta bayan gidan Gwaggo a nan Safana, sai dai in tsinci kaina a tsaye. Ko tsintar shinkafa nake, sai in ga faifan a ƙasa kaji sun yi masa caa. Gwaggo, ƙanwar babana, ta ce in riƙa addu'a, ina kuwa yi. Amma da na shafa sai hannuna ya lalubo tsinke, in kama zane a ƙasa.

A sakandare a Batsari na koyo wannan zanen. Malamin lissafinmu yana da wata kalma da muke kwaikwayonsa da ita idan ya fita: "Mu ɗauka." Mu ɗauka hanya miƙaƙƙiya ce. Mu ɗauka babu iska. Mu ɗauka mota ɗigo ce. Wata rana ya ja wani layi a allo, ya faro a kwance, ya haura sama, ya sake kwantawa, ya ce wannan ƙyanda ce ta shiga unguwa. Bai goge ba ya ce kuma ɓeraye ne a rumbu, kuma tsayin dawa ne daga tsiro zuwa fidda kai. Ya ce likitoci da malaman gona da masu hasashen ruwan sama duk haka suke aiki, su rage duniya har ta shiga allo, su dube ta, sannan su faɗi abin da zai faru.

Wata daga bayan aji ta ce, "Malam, to ina wutsiyar ɓerayen?"

Muka fashe da dariya. Ya ce wutsiya ba ta canza amsa, shi ya sa aka bar ta a waje, gwanintar duk tana wajen sanin abin da za a bari. Ni kam maganar ta zauna mini.

Mu mutanen Ruma ne, gonarmu tana tsakanin gari da daji. A kakar nan gyaɗa ta nuna, ruwa ya ɗauke, ƙasa tana neman ƙamewa, kuma in ta ƙame sai dai ka ciro ganye 'ya'yan su zauna a ciki. 'Yan bindiga sun riga sun shigo mana da damina, kowa a tsorace yake. Baba ya ce tsoro ba ya cika rumbu, zai je cira. Inna ta ce ita ma za ta, wa zai tsinke masa? Inna kuwa gwiwarta ba lafiya. Duk abin da na yi daga nan, saboda ita na yi.

Na bi Inna gona da wayar Baba a hannu ina duba agogo, na san saurin tafiyarta. Na tambayi masu acaɓa yadda babur ke gudu a hanyar da ruwa ya zaizaye. Da yamma na share tsakar gida na jera tsakuwoyi: nan bakin daji, nan gona, nan shigar gari inda 'yan banga ke zama. Idan Kawu, yayan Inna, ya hau tsamiyar da ke gefen gona da usur ya busa da zarar 'yan bindiga sun fito daga daji, to ko Inna za ta riga su isa gari, har da saura.

Baba ya duƙa yana kallo. "Wato ni ne wannan tsakuwar?"

"Kai ne, Baba."

"Uwarki fa?"

Tsakuwa ta ƙare mini, na ajiye ƙwallon goruba. Inna ta leƙo daga madafi ta ce, "Ni kika mayar ƙwallon goruba? Lallai boko ya yi rana."

Aka yi hakan, kuma ya yi aiki. Muka yi kwanaki muna cira muna tsinka, Kawu a sama yana mitar tururuwa sun cinye shi.

A wajenmu ba a sakin dabba sai an gama kawar da amfanin gona. Ko dai ta zauna a turke a gida a yanko mata ciyawa, ko a ja ta gona a ɗaure ta a gefe. Inna tana da wata jar akuya mai ciki, jikar wadda mahaifiyarta ta bar mata. Kullum tana ɗaure ta can ƙarshen gona ta wajen daji, inda ciyawa ta fi ɗanye. Ina ganinta kullum. Wani lokaci ma ni ke riƙo igiyar.

Wata rana da hantsi usur ya tashi. Na yar da kwando na zura, Baba a gefena, maƙwabta ta ko'ina. Na waiga in ga inda Inna ta kai, sai na hango ta tana ɗingishi ta nufi daji.

"Inna! Ba nan ba!"

"Ku tafi! A ɗaure take!"

Baba ya damƙi hannuna ya ja ni, har yau ina jin wurin. Muka shiga gari, ƙarar babura ta cika kunnena, sai harbi. Na zauna a ƙofar gida na kasa kuka. A kaina sai sake lissafin nake, kowane karo amsar ɗaya ce: ba ta iso ba, ba za ta iso ba.

Sai bayan la'asar ta shigo, igiya a naɗe a hannunta, akuyar a bayanta. A cikin dawar maƙwabcinmu ta kwanta, ta ɗaure bakin akuyar da ɗankwalinta ta danne ta da ƙirji. Ta ce har warin fetur ɗinsu ta ji. Ta dube mu duka ta ce, "Babu wanda ya ɗora tukunya?"

Ni ce na kasa ci, na kasa zama wuri ɗaya, shi ne aka kawo ni Safana. Rabin gyaɗar kuma tana ƙasa.

Shekaranjiya Baba ya kira wayar Gwaggo ya ce za su koma cira. Na ce a ba ni Inna. Na ce mata na sake jera tsakuwoyin, wannan karon da akuyar a ciki, na juya su ta kowace fuska, in dai za ta koma kwance igiya ba za ta riga su ba. Ta ce ta ji.

Jiya sai ga ta a motar kasuwa, akuyar a kan cinyarta. Ta kafa turke a tsakar gidan Gwaggo da kanta, ta miƙo mini igiyar.

"Ga ta nan, 'yar boko. Ki cire ta daga lissafinki. Ki kuma ci abinci."

Ko kwana ba ta yi ba ta juya. Yanzu haka suna gona. Akuyar tana gabana tana tuƙa, tsakuwoyin sun koma yadda suke da farko, amsa ta fita daidai, har da saura. Sai ɗazu na tuna tsohuwar da gonarta ke jikin tamu, ita ma a can ƙarshe take ɗaure tata akuyar, kuma hannunta rawa yake, ba ta iya kwance ƙulli da sauri. Na kuma san Inna, ba za ta gudu ta bar ta ba. Na kira wayar Baba, tana ta ringin ba a ɗauka ba. Ya saba barin ta a aljihun rigar da yake ratayewa a reshe. Zan sake kira.