Rijiyar da na ɓoye wa Malam Isufu

Da safen nan ina shan koko labari ya iske ni: Malam Isufu ya rasu a Damagaram. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ban yi lakwal ba, wato boko. Maƙwabcina Habu tela ke buga wannan a waya, na ce kada ya gyara mani ko kalma ɗaya.

Duk mai kirana Baba Durumi a Matameye, Malam Isufu ne sanadi. Malamin tarihi ne, ya yi karatu a wani yanki na Faransa can bakin teku. Ya dawo yana ba mu labarin mutanen da na wurin, wai su Selt. Ya ce suna girmama itatuwa da idon ruwa, har yau ma akwai maɓuɓɓugan da jikokinsu ke zuwa ziyara, ko da yake sun daɗe da canza addini. Malamansu kuwa ba sa rubuta iliminsu, a ka suke riƙe shi, mutum ya yi shekara ashirin yana hadda. Sunansu duruwid.

Ya nuna ni a gaban jama'a ya ce, "Ga namu duruwid ɗin." 'Yan kasuwa suka ji durumi. Ya yi ta dariya, ya ce ai bai ɓaci ba, su ma a gindin itace suke koyarwa.

Abin da ke kaina rijiyoyi ne. Daga nan zuwa Kance da Dawce na san wanda ya haƙa kowace tsohuwar rijiya, da wadda ta ƙafe, da wadda aka cike. Malam ya fi shekara ashirin yana bina da biro da kaye, littafin rubutunsa. Na ƙi. Na ce masa ai duruwid ba ya rubutu, kai ka faɗa.

Duk da haka kowace ranar kasuwa sai ya kawo mani goro fari. Da idona ya yi ciwo shi ya raka ni likita.

Wata rana ya ce, "Durumi, ka san me ya sami su duruwid ɗin? Yawancin abin da muka sani a kansu, waɗanda suka ci su da yaƙi ne suka rubuta."

Kasuwa mai zuwa na ce ya buɗe kayen.

Muka yi ta yi har saura rijiya ɗaya. Ita na riƙe. Ganinmu na ƙarshe, yana shirin hawa motar Damagaram, ya leƙo ta taga ya ce, "Na san me ya sa ka riƙe ta. Ko ka faɗa, zan ci gaba da zuwa."

To Malam, ga ta. Rijiyar da ke bayan tsamiya, hanyar gonarmu, kakata Ta-Allah ce ta sayar da awakinta aka haƙa. Da sunan mijinta ake kiranta, amma tata ce. Habu, buga da kyau. Iyalan Malam su ƙara a shafin ƙarshe.

Raina a kwance yake, kayen ya cika.

Allah Ya jiƙan Malam Isufu, Ya shayar da shi daga tafkin Alkausara. Wanda ya karanta, ko aka karanta masa kamar ni, ya sa shi a addu'a.