Wilin da Baba ya ƙera a tsakar gida

Shekarun baya, bayan mahaifina ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, sai ya tsiro da wani aiki a gidanmu na unguwar Malam Inna. Wai zai ƙera wili mai juya kansa, ba fetur ba lantarki. Wilin ƙarfe ne da ya fi ni tsawo, an rataya masa hannuwa masu lanƙwasa, kowanne da curin ƙarfe a baki. A lissafinsa, nauyin da ke saukowa ta dama zai riƙa rinjayar wanda ke hawa ta hagu, har abada.

Lokacin ban daɗe da fara koyar da kimiyya a sakandare ba, kaina cike da littafi. Na ce, "Baba, duk ƙarfin da curin ya bayar yana saukowa, shi zai ci wajen hawa. Ga iska, ga gugar ƙarfe. Tsayawa zai yi."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Kai tsayawa kake tsoro? Ni gudu nake tsoro. In ya ɗau wuta wa zai tare shi?"

Da gaske yake. Wata guda ya yi yana haɗa masa birki, da wasu ƙwallayen ƙarfe masu buɗewa in gudu ya yi yawa. Ni kuwa abinci ya daina shiga. Baba na da hawan jini, kuma tun rasuwar mahaifiyata ban ga abin da ya sa shi dariya ba sai wilin nan. Ga shi ya gayyaci maƙwabta, har da tsohon abokin aikinsa, wani dattijo Batangale.

Ranar gwaji, bayan la'asar, Baba ya yi bismilla ya tura. Wili ya ɗauka, ƙarafa na ƙaf-ƙaf, mutane na tafi. Wallahi har ni, malamin kimiyya guda, sai da na roƙi Allah ya ƙaryata ni. Sai ƙarar ta fara ja da baya. Ya yi sanyi, ya tsaya, ya ɗan koma baya. Baba ya miƙa hannu zai sake turawa, wani curi ya faɗo ya kama hannun rigarsa ya fizge shi. Na yi tsalle na riƙe wilin, abokinsa ya yage rigar yana cewa, "Bar shi haka, mutumina, bar shi!"

Ƙurjewa kawai ya yi. Amma ya zauna a kan benci yana haki, mutane suka zare ɗaya bayan ɗaya. Na kawo masa maganinsa.

Washegari da hantsi ya kira ni gindin wilin, ya miƙo mini tsinke, ya nuna ƙasa. "Zana min. Ina ƙarfin yake tafiya?"

Na durƙusa na zana. Ya yi ta tambaya har azahar, wani wurin ya yi gardama, wani wurin ya gyaɗa kai.

Na ɗauka gaskiya za ta karya shi, ashe ban san mahaifina ba. Yau ba ya raye. Har yanzu in darasin nan ya zo a aji, ɗalibai kan tambaye ni me ya sa muryata ta canza, sai in ce musu alli ne ya shaƙe ni.