Ranar da tela ya zo awo

Shekara shida na yi ina sharar biron, wato ofishin, wani proje na raya ƙasa a Dakoro, amma ba su suka ɗauke ni ba. Mai ni wani ƙaton kamfani ne da ke Yamai, wanda ke ba da hayar ma'aikata: masu gadi, direbobi, masu dafuwa, masu shara. Ban taɓa ganin patoronmu, mai kamfanin, ba. Shef ɗinmu da ke kula da mu a nan kaɗai muka sani, wani dogon mutumin Kornaka mai yawan atishawa.

Kwantiraginmu na shekara ɗaya ne, kuma ba a gaya wa kowa ko za a sabunta nasa. Mu dai muna da hanyar ganewa. Wata guda kafin ya ƙare, tela kan zo daga Maradi ya auna mu don ɗinkin sabbin kayan aiki. Wanda aka auna ya tsira. Wanda aka tsallake, sai ya fara gaida mutane da kyau a kasuwa, don zai bukace su.

A shekarar da nake ba da labari, ina da cikin wata biyar, na ɓoye shi. Na ji an ce kamfani ba ya son mai ciki, ni kuwa da aikin nan nake ciyar da tsohuwata. Sai na sayi hijabi mai faɗin da zai rufe ni da bokiti gaba ɗaya. Ina son a kira ni awo, ina kuma tsoron igiyar awon. Kwana uku tuwo bai yi mini daɗi ba.

Tela ba ya taɓa mata. Mu mata huɗu, Inna mai dafuwa ce ke auna mu a bayan labule, ta ɗaga murya ta faɗi lamba, tela ya rubuta, Shef na zaune da lis a hannu. Dattijuwa ce, ta riga kowa shiga kamfanin, kuma bakinta ba ya da birki.

Shef ya yi atishawa ya kira ni. Daɗi ya kama ni, tsoro ya biyo baya. Na shiga bayan labule, na ja numfashi na riƙe, na shanye ciki iya ƙarfina har idanuna suka fito.

Inna ta zagaya ni da igiya, ta dube ni.

"Ke ɗiya, saki numfashi kar ki hwaɗi mini nan. Wa kike ɓoye ma?"

"Inna, don Allah ki rufa mini asiri," na ce da raɗa. "Hwaɗi ta bara."

"In hwaɗi ta bara, ki shiga rigar da mi? Tun watan da kinka fara sace mini tsamiya munka gane. Har masu gadi sun sani."

Sai ta ɗaga murya: "Tela, wagga ka yi mata biyu! Guda ta yanzu, guda ta bayan suna!"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Daga can waje na ji Shef yana cewa, "Rubuta biyu, malam. Ai na aika ma Yamai batun hutun haihuwarta tun wancan wata. Ni dai jira nike ta gaji da wanga tanti da take sawa."

Dariya ta ɓarke har bakin ƙofa. Na fito ina rufe fuska, ina dariya ina hawaye. Ban taɓa jin sauƙi irin na ranar ba. Ashe wata biyu ina fama da zafin Dakoro cikin wannan hijabi a banza.

Inna ta auna sauran biyun, tana tsokanar kowace. Da ta gama, ta naɗe igiyar a yatsunta ta miƙa wa tela. Shef ya ninke lis, bai ɗaga kai ba. Muna ta murna, sai da tela ya hau moto na lura ba wanda ya ce a auna ta.

Na same ta a madafa tana yanka albasa.

"Inna, ke hwa?"

"Shef ya gaya mini tun shekaranjiya," ta ce. "Sun ce na tsufa. Miƙo mini wukar can, wagga ba ta ci."

Na miƙa mata. Na zauna kusa da ita, muka gama albasar tare.