Sarjan da Ya Gwammace a Ce Masa Mashayi

Shekarun baya can, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ina darektan wata lakwal, wato makarantar boko, a Diffa, saura ƙiris in raba mutum da abincinsa a kan giyar da bai taɓa kurɓa ba.

Mai gadinmu tsohon soja ne, Sarjan kowa ke ce masa. Da safe za ka tarar da shi bakin ƙofa cak kamar turke, ya sara mini ya ce, "Lafiya lau, Mushe," kamar yadda ake kiran malamin lakwal a wajenmu. Amma da rana ta take sai tafiyarsa ta canza: ya ja ƙafar hagu, ya dafa bango, magana ta riƙa fita a harɗe. In yamma ta yi sanyi kuma ya warware. Iyayen yara suka taso mini. Wani ɗan kasuwa Badamagare ya ce, "Haba Mushe, sai an faɗa maka? Soja ne fa!" Da wannan hujja guda na gamsu, ni da na karanta littattafan da za su cika amalanke.

Na rubuta takardar sallama da Faransanci mai ƙamshi, har ina yaba wa kaina. Mahaifiyata ta ji labari ta ce, "Ka taɓa jin warin giya a bakinsa?" Na ce a'a. Ta ce, "To wace giya ce wannan mai jiran azahar? Tashi ka gani da idonka."

Washegari da aka tashi hutun rana na bi shi. Watan Oktoba ne, kogin Kumadugu ya cika. Ya ratsa lambunan tattasai yana tangaɗi, ya kai gaɓa, ya tuɓe riga, ya zauna cikin ruwa har ƙirji. Ya jima, sannan ya fito yana tafiya kusan daidai. Ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Mushe, fito daga bayan iccen nan. Da a daji ne da tuni an harbe ka. Tun daga kasuwa nake jin takalminka."

Muka zauna a inuwa. Ya ce wani likita a Yamai ya faɗa masa sunan ciwon, sclérose en plaques, kuma ciwon ne ya fitar da shi daga soja. Jijiyoyinsa ne suka zama kamar wayar lantarki da ɓera ya ci bayanta. Zafi na tayar da shi, sanyi na kwantar da shi. Wani lokaci ma mutum guda biyu yake gani.

Na ce, "Baba Sarjan, me ya hana ka faɗa? Ka san abin da ake cewa a kanka?"

Ya ce, "Na sani sarai. Mashayi wa'azi ake yi masa. Maras lafiya kuwa sallamarsa ake yi. An taɓa yi mini sau ɗaya, kuma ina da baki shida a gida."

Kunya ta hana ni ce masa a lakwal ɗina mashayin ma ban yi niyyar yi masa wa'azi ba.

Da izininsa na tara iyayen na yi musu bayani. Muka mayar da aikinsa safe da yamma, aka kafa masa rumfar zana da randa. Ɗan kasuwar nan da kansa ya kawo zanar, yana ta kame-kame. Sarjan ya ƙara shekara shida tare da mu kafin ƙafafun su ƙi baki ɗaya.

Har yau ina yi wa Allah godiya da bai bar ni na ɗauki hakkin bawan nan ba. Da na kore shi, na san ko uffan ba zai ce ba. Zai sara mini ne kawai ya tafi, ni kuma in zauna har tsufana ina ganin na yi adalci.