Ragon da aka ɗaure a ƙofar gidan Yaya

Yayana injiniyan ban ruwa ne. Shi ya auna magudanan da ke kai ruwan tafkin Madarumfa cikin lambuna, shi ya kafa injunan da ke jawo shi. Da ya dawo daga karatu gwamnati ta ba shi biro, wato ofis, da mota da direba, mutanen gari suka bar sunansa, sai dai Injiniya.

Ni ina aikin gidan rediyo a Maraɗi, nakan zo gida da Babbar Sallah. A unguwarmu ba a gasa ragon layya a ɓoye. Idan an yanka an feɗe, sai a baje kowane rago a jikin sanduna biyu da aka gicciya, a jera su kewaye da wuta ɗaya a bakin titi, su wuni a nan, kashegari a raba. Kowane gida da wurinsa. Na Yaya yana gindin dogon yaro. Wanda bai yanka ba, ba sai ya faɗa ba, ana ganin gurbinsa.

Shekarar da darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi, albashi ya yi watanni bai zo ba, wanda ya zo kuma ba ya kai mu tsakiyar wata. Motar aikin Yaya tana kan duwatsu babu taya. Direbansa ya daɗe da ajiye aiki, ya shiga jigilar kaya tsakanin Jibiya da Maraɗi, ya sayi manyan motoci, ya je Makka ya dawo Alhaji. Ya sha ce wa Yaya ya zo ya riƙe masa garejin motocinsa. Yaya yakan ce ba don haka ya yi karatu ba.

Ranar jajibere, bayan asuba, Alhaji ya zo da kansa yana jan rago, ya ɗaure a ƙofar gida.

"Maigida, ga wannan. Ba wanda ya gan ni."

"Alhaji, ai yanzu ba ni ne maigidanka ba."

"Bakina ya saba. Ka yanka kawai, kar gindin bishiyar nan ya zauna wayam."

Niyyarsa ta rufin asiri ce. Amma ya zaɓi ragon da idon ɗan kasuwa: fari, ƙosasshe, mai ƙaho a murɗe, irin wanda ma'aikacin gwamnati bai taɓa saya ba ko lokacin da ake biya kan kari. Da aka jera raguna ranar Sallah, na Yaya ya kere na kowa.

Kafin azahar malamin makarantar unguwa, wanda muke kira Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci, ya iso. Shi bai yanka ba. Bayansa ga ma'aikacin asibiti.

"Injiniya, barka da Sallah. An biya ne?" in ji Mushe. "Uwargida ta ga ragonka, ta ce in zo in ji ko naku ya riga namu fitowa."

Na ga Yaya ya dubi wuta. Da ya ce wani tsohon haƙƙinsa ne ya fito, da sun yarda, da kuma sun kwana suna sa rai.

"Ba a biya ba, Mushe. Alhaji ne ya ba ni."

"Direbanka?"

"Shi."

Mushe ya ce, "To ka tambaye shi ko motocinsa na son a koya musu karatu. Ina da alli."

Aka yi dariya. Yaya ma ya yi, kaɗan. Kashegari ya raba naman, ya aika wa gidan Mushe cinya guda, shi kuwa ko tsoka ban ga ya kai baki ba.

Bayan Sallah ya mayar da makullin biro, ya tafi garejin Alhaji. Ba a turo wani a madadinsa ba. Injunan bakin tafki suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, masu lambu suka koma ɗibar ruwa da hannu.

Babbar Sallar da ta biyo baya Yaya ya sayi ragonsa da guminsa, madaidaici, ya jingina shi a gindin dogon yaro. Da yamma muka fita a babur zuwa gaisuwa a garin Gabi. Da muka zo daidai magudanan da ya auna, yashi ya cike su. Na ce, "Yaya, dubi." Bai juya ba. Ya ce in riƙe da kyau, akwai rami a gaba.