Wayar Malam da Batirinta a Hannuna

Jama'a, wanda zai yarda ya yarda, wanda zai ce tsohuwa ta fara ruɗewa shi ma bakinsa ne, amma wallahi tallahi abin nan a kan idona ya faru, da rana tsaka, a Rurum Tsohon Gari.

Lokacin ina zaune a Rano, shekarun da ƙananan wayoyi masu bulutut suka cika hannun mata, kowacce na son a tura mata wa'azi ko ƙira'a ko waƙar biki. Ni kuwa sai da na aurar da 'ya'yana mata kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci, ana ta yi mini dariya, ban kula kowa ba. Ban koyi karatu don ado ba. Duk abin da waya ta rubuto sai na tsaya na haɗa baƙaƙensa, na bi mutane da tambaya har na san ma'anarsa, da haka na gane cewa in waya ta ƙi ganin 'yar'uwarta, ko dai a ɓoye take, ko cikinta ya cika, ko ta riƙe sunayen tsofaffin wayoyi sun yi mata yawa. Ta kai har daga Kibiya da Kahu ake neman hannuna, kuma ba yabon kai ba, ba a cika komawa da kunya ba.

Ranar nan sai ga Rabi a ƙofata a kan acaɓa, 'yar Inna Hansai ƙawar yayata, ta ce don Allah in taso yanzu. Mahaifinta, malamin allo ne, ya rasu, uwarta na cikin takaba ba ta fita. An raba gado, da yake Malam bai bar ɗa namiji ba, wayarsa ta faɗa rabon ƙaninsa Alhaji Sule, kuma ya zo karɓa, da la'asar zai wuce da ita a goge komai ya ba ɗansa. Ba zalunci ya yi ba, haƙƙinsa ne. Amma akwai abu ɗaya a ciki da Inna ke so.

Sai da muka isa Rurum muka shiga ɗaki aka saki labule sannan Inna ta gaya mini, kanta a ƙasa. Ba karatun Malam take so ba, wannan ɗalibansa duk suna da shi. Wata rana ne ya ɗauki karatu ya manta bai kashe ba, wayar ta ci gaba da ɗauka har Inna ta kawo masa kunu, ya tsokane ta wai ta cika tsamiya, suka yi dariya su biyu. Tun rasuwarsa kullum sai ta saurara. Na ce to Inna ki gaya wa Alhaji mana ya bar miki wayar. Ta ɗago ta dube ni kamar na zage ta.

"Ke yanzu da bakina zan ce wa ƙanin miji dariyar yayansa nake so?"

Ta fi ni gaskiya. Matar da ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba.

Na zauna a tabarma na fara. Muryar ba a kan memori take ba, a cikin wayar kanta take, ramin memorin ma ya lalace, saboda haka sai dai a tura ta iska, ta bulutut. Rabi ta kawo babbar wayarta mai faɗi kamar faranti, suka ƙi ganin juna. Na fito da ta Malam daga ɓoye, na share tarin sunayen wayoyin ɗalibai da ta riƙe, suka ga juna amma babbar ta ƙi karɓa. Na ce ba komai, in sun ƙi gaisawa a sa ɗan aike, na turo wa tawa wayar, don daga nan in miƙa wa ta Rabi. Layin da ke nuna tafiyar saƙon ya fara cika, ya kai rabi, wayar Malam ta ɗauke ɗif.

Na kunna, ta ƙi. Ba wuta a garin, Alhaji kuma yana zaure yana aiko a tambaya ko an gama, wai me ake yi da waya haka kamar ana yi mata wankan jego. Na aika masa cewa in jego ne ma sai an yi arba'in, ya zauna. Na buɗe bayanta na ciro batirin, ya kumbura kamar ƙosai, nawa kuma bai shiga gurbinsa ba. Inna ta ce in bari kawai, Allah bai nufa ba. Ni a rayuwata ban iya barin abu a rabi ba, amma ran nan dabara ta ƙare mini.

Ina zaune, batirin na hannuna na hagu, gangar wayar na kife a tabarma bayanta a buɗe, sai tawa ta yi ƙara. Na duba. Sunan wayar Malam ne, tana tambaya ko zan karɓi saƙo.

Rabi ta leƙo ta gani, ta ja da baya tana innalillahi, ta ce Malama kar ki taɓa. Tsigar jikina ta tashi, ba zan ɓoye muku ba, amma na ce a raina aikin da ya kawo ni ke nan, ko wane ne ya turo. Na yi bismillah na danna. Layin ya taso daga farko, a hankali, mu uku muna kallo, har ya cika.

Na kunna. Ga karatun, ga ƙarar kwano, ga zancen tsamiya, ga dariyar. Inna ta rufe fuska da mayafi. Dariyar ta lafa, na miƙa yatsa zan kashe, sai muryar ta ƙara magana, a natse, kusa-kusa kamar yana bakin ƙofa:

"Hansai, a ba baƙuwa ruwa mana."

Inna ta sauke mayafin. Ta ce wallahi ta saurari abin nan ba adadi, a dariya yake ƙarewa, kuma ranar kunun ba wata baƙuwa a gidan. Sai a lokacin muka lura, saboda ruɗewa tun isowata ba wanda ya ba ni ruwa.

Ta tashi da kanta ta ɗebo a randa. Na karɓa na shanye tas, na ce Allah ya jiƙan Malam. Sannan na tura wa wayar Rabi, wannan karon ta karɓa ba gardama, na tura wa ƙaramar wayar Inna ita ma, na goge a tawa don ba nawa ba ne. Na mayar da batirin, na fita zaure na damƙa wa Alhaji kayarsa hannu da hannu kafin a kira la'asar.

Na tambayi mai gyara a Rano, ya ce waya ba batir ƙarfe ce kawai. Na tambayi malaminmu na Islamiyya, ya ce in yi wa mamaci addu'a in bar bincike. Inna dai ta ci gaba da sauraron mijinta har ta bi shi, kuma Rabi ta ce kullum in dariyar ta lafa sai Inna ta yi maza ta kashe.

Ku da iyayenku ke raye, ku ɗauki muryarsu tun yau, ku ajiye a waje fiye da ɗaya. In kuma aka ba ku wayar mamaci ku gyara, ku yi sallama kafin ku buɗe ta.